Labarin Bakteriya Da Masu Neman Sa Mata Linzami

Magini in zai tayar da soro, tun bai aza tubali na fari ba ya san yawan azarar da zai nema, ya san kaurin bangon da zai ɗauki nauyin rufi. Maƙeri kuma in ya sa ƙarfe a wuta ya san abin da zai fito, ko fartanya ko lauje. Amma mai aiki da abu mai rai ba shi da wannan tabbaci. Makiyayi ya kan zaɓi bijimi nagari da saniya tagari, duk da haka sai an haifi maraƙi ya ke sanin abin da ya samu. Wannan labari na waɗansu masana ne da suka ɗauki wata 'yar ƙanƙanuwar halitta da a ke kira bakteriya, suka so su sa ta aiki kamar yadda a ke sa inji, su san abin da za ta yi tun ba ta yi ba. Sun sha wuya ƙwarai, har suka koma neman taimako wurin lissafi da kwamfuta. Maganar kuwa ta shafi kowa, gama akwai magungunan da miliyoyin mutane ke rayuwa da su, waɗanda daga irin wannan aiki su ke fitowa.

Halittar da ido ba ya gani

Bakteriya ta daɗe tana yi wa mutane aiki ba su sani ba. Ita ce ke mai da madara kindirmo, ita ce ke nunar da kalwa ta zama daddawa, ita ce kuma ke tayar da baba cikin karofi har ya kama tufa. Waɗansu irinta suna kawo cuta, kamar tarin fuka da kuturta, amma galibinsu ba su cutar kowa. Ƙanƙantarta ta kai ga in aka jera fiye da 10,000 kai da kai, sa'an nan za su kai tsawon inci guda.

Wanda ya fara ganinta wani mai sayar da yadi ne a garin Delft, ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Ya iya goge gilashi ya yi madubin ƙara girma. Cikin 1676 ya aika wa masanan Landan da takarda, ya ce ya ga waɗansu 'yan halittu suna iyo cikin ruwan da ya jiƙa masoro. Aka daɗe ba a san aikinsu ba, sai cikin 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa irin waɗannan halittu ne ke sa madara tsami. Cikin 1885 wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya sami wata iri cikin kashin jarirai. Daga sunansa aka sa mata suna, a taƙaice a ke ce mata E. coli. Ba ta da tsadar abinci, in kuwa ta sami abinci da ɗumi ta kan rabu biyu kowane minti 20, watau ƙwaya ɗaya ta zama fiye da miliyan 2 cikin awa 7. Saboda haka ta zama jakin masu bincike, kusan duk abin da za a ambata nan gaba a kanta aka gwada.

Zaren gado da dogaransa

Cikin kowace ƙwayar bakteriya akwai wani dogon zare a nannaɗe, wanda ke ɗauke da umarnin duk abin da za ta yi. Shi ne zaren gado. Cikin 1953, a Kambirij ta Ingila, James Watson da Francis Crick suka gano siffarsa, da taimakon hotunan da Rosalind Franklin da Maurice Wilkins suka ɗauka a Landan. Zaren kamar rubutu ne da haruffa huɗu kaɗai, kuma ya kasu gaɓa gaɓa kamar karan rake. Galibin gaɓoɓin nan kowace tana ɗauke da umarnin yin furotin iri ɗaya. Furotin kuwa su ne ma'aikatan cikin ƙwaya, wani ya narka abinci, wani ya gina bango, wani ya yi tsaro.

Cikin 1961 François Jacob da Jacques Monod, a Faris, suka bayyana wani abin mamaki. E. coli tana da gaɓoɓin narkar da sukarin madara, amma ba ta ɓata ƙarfinta a kansu in babu sukarin. Akwai wani furotin da ke zaune bakin gaɓoɓin kamar dogari a ƙofar fada, yana hana a karanta su. In sukarin madara ya shigo sai dogarin ya kauce, aiki ya tashi. In ya ƙare sai dogarin ya koma mazauninsa. An ba su kyautar Nobel cikin 1965 tare da André Lwoff. Daga nan aka gane cewa gaɓoɓin gado suna da makunni, ana kunna su ana kashewa kamar fitilar lantarki.

Yanka da ɗinki

Cikin 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer, a Kalifoniya ta Amurka, suka sami dabarar yanko gaɓa daga wani zare su ɗinka ta cikin wani, su sa cikin E. coli, ta riƙa haihuwa da ita. Ba da daɗewa ba har gaɓar kwaɗo suka sa mata. Abin ya ba masana kansu tsoro. Cikin watan Fabrairu na 1975 kimanin mutum 140 suka taru a Asilomar, bakin tekun Kalifoniya, suka shimfiɗa ƙa'idodin yin wannan aiki domin kada wata halitta mai cutarwa ta kuɓuce musu, gama rigakafi ya fi magani.

Amfani bai yi jinkirin bayyana ba. Masu ciwon sukari da yawa ba su rayuwa sai da allurar insulin, wadda a dā daga kayan cikin shanu da aladu a ke tatso ta. Cikin 1978 kamfanin Genentech da abokan aikinsa suka sa E. coli ta yi insulin irin na mutum, cikin 1982 aka yarda a sayar da shi ga marasa lafiya. To, amma wannan aikin gaɓa ɗaya ne ko biyu, an ce wa ƙwaya ta yi abu kaza da yawa, shi ke nan. Sa'ad da aka so a haɗa gaɓoɓi masu yawa su yi aiki bi da bi, kowace a lokacinta, sai lamari ya cuɗe.

Makunni da agogo

Cikin watan Janairu na shekara ta 2000 aka buga labarin gwaji biyu waɗanda a ke ɗauka su ne mafarin wannan sabon fanni. Abin lura a nan shi ne dukansu biyu da alƙalami aka fara su, sai da lissafi ya nuna abin zai yiwu aka shiga ɗakin gwaji.

Na fari a Jami'ar Bostan ne, inda Timothy Gardner da Charles Cantor da James Collins suka haɗa dogarai biyu, kowane yana hana a yi ɗan'uwansa. Wanda ya rinjaya sai ya riƙe wuri. In aka ɗiga wani sinadari, ko aka ƙara zafi, sai rinjaye ya koma ɗaya gefen, ya kuma zauna haka ko bayan an janye sinadarin. Watau an yi ƙwayar da ke tuna abin da ya same ta.

Na biyu a Jami'ar Princeton ne, aikin Michael Elowitz da Stanislas Leibler. Su dogarai uku suka haɗa: na fari ya hana na biyu, na biyu ya hana na uku, na uku ya hana na fari. In na fari ya yi yawa sai na biyu ya ragu, na uku ya sami sarari ya ƙaru, ya danne na fari, sai na biyu ya farfaɗo, haka abin zai yi ta zagayawa. Lissafinsu ya nuna musu cewa sai dogaran sun yi tsaro mai ƙarfi, kuma ba su daɗe cikin ƙwaya ba, sa'an nan zagayen zai ɗore. Suka bi wannan. Suka haɗa abin da wani furotin mai koren haske da aka samo daga wata halittar teku, sai ga bakteriya tana haske tana dushewa, kimanin kowace awa biyu da rabi.

Amma agogon nan ba wanda za a dogara da shi ba ne. Ƙwayoyi da yawa ba su yi zagayen ba, waɗanda suka yi kuwa wata ta yi sauri, wata ta yi nawa. Ko ƙwayoyi biyu da suka rabu daga uwa ɗaya, ba a jimawa sai lokacinsu ya saɓa.

Dalilin gardamar bakteriya

Ruwa ba ya tsami banza. Cikin shekarun da suka biyo baya masana suka tsananta bincike, suka gano dalilai huɗu manya.

Na ɗaya, ƙarancin ma'aikata. Waɗansu dogaran ba su wuce 'yan goma ba cikin ƙwaya guda, kuma yawo su ke yi barkatai sai sun yi kiciɓis da mazauninsu. In ƙwaya ta rabu biyu, ba mai raba su daidai. Cikin 2002 Elowitz da abokansa suka sa wa E. coli gaɓoɓi biyu masu makunni iri ɗaya, ɗaya na yin launi kaza ɗaya na yin wani. Da a ce kome na tafiya bisa tsari, da kowace ƙwaya ta fito da launukan daidai wa daida. Sai ga shi sun fito daban daban, alhali zarensu ɗaya, abincinsu ɗaya.

Na biyu, maƙwabtaka. Gaɓar da ta yi aiki sosai a wani wuri, in aka ɗauke ta aka ɗinka kusa da wata, sai halinta ya sāke. Haruffan maƙwabciya su kan manne da nata su toshe ƙofa.

Na uku, nauyin kaya. Ƙwaya tana da iyakar abinci da iyakar masaƙun da ke saƙa furotin. Duk abin da aka sa ta yi wa mutum, daga cikin nata rabon ya ke fita. In kaya ya yi yawa sai ta rame, ta rage haihuwa, aikin da aka sa ta ma ya lalace.

Na huɗu shi ne mafi wuya. Wajen kwafe zare lokacin haihuwa a kan sami kuskure jefi jefi. In kuskuren ya faɗa kan gaɓar da mutum ya ɗinka, ya lalata ta, to wannan ƙwaya ta zama jakin da ya yar da kaya. Za ta riga sauran haihuwa, bayan 'yan kwanaki jikokinta su cika tukunya, mai aiki ya duba ya tarar babu abin da ya ke nema.

Tsadar lalube cikin duhu

Abin da wannan gardama ke ci na kuɗi da lokaci ya bayyana cikin labarin maganin zazzaɓin cizon sauro, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Babban maganinta, artemisinin, daga ganyen wani tsiro dangin tazargade a ke samunsa. Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta ne suka fitar da shi cikin 1972. Da ya ke noma ne, wata shekara a samu da yawa, wata shekara ya yi ƙaranci ya yi tsada.

Jay Keasling na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya yi niyyar sa ƙananan halittu su yi shi cikin tanki. Cikin 2003 ya sa E. coli ta yi matakin fari. Cikin 2006 aka mai da aikin cikin yisti, domin ya fi dacewa da sauran matakan. Sai 2013 kamfanin Sanofi ya fara yinsa don sayarwa a Italiya. Keasling ya kimanta cewa in aka tara aikin da mutanensa suka yi, ya kai aikin mutum ɗaya na shekara 150, yawancinsa gwada wannan, a sāke, a gwada wancan. Kafin a gama kuwa manoma sun yawaita shuka, farashin ganye ya sauka, har aka sayar da masana'antar cikin 2016. Masana suka ga in kowane magani sai ya ci shekara goma ana lalube, talaka zai daɗe bai ga amfanin wannan ilimi ba.

Shigowar kwamfuta

Hanya ta fari da aka bi ta yi kama da aikin ma'aji a baitulmali. Cikin 1997 Frederick Blattner da mutanensa a Jami'ar Wisconsin suka karance zaren E. coli duka, haruffa kimanin miliyan 4 da dubu 600, da gaɓoɓin furotin 4,288. Da wannan Bernhard Palsson na San Diego ya shirya wa ƙwaya littafin shiga da fita. Ƙa'idarsa ita ce duk abin da ya shiga na abinci, dole a gan shi wajen fita, ko ya zama jiki, ko ƙarfi, ko shara. Hanyoyin sun yi ɗaruruwa, sun fi ƙarfin alƙalami, amma kwamfuta na warware su nan da nan. Cikin 2002 suka gwada. Lissafi ya faɗi iyakar saurin da E. coli za ta iya haihuwa in gilisarin ne abincinta. Da fari ta kasa kai wannan sauri. Suka ci gaba da kiwonta kwana 40, kimanin haihuwa 700, sai ta ƙaru sannu sannu har ta kai inda lissafi ya ce. Da irin wannan littafi a ke duba wace hanya za a toshe domin abinci ya kwarara zuwa abin da a ke so.

Hanya ta biyu ita ce daidaita kayan aiki. Tom Knight, injiniyan kwamfuta ne a babbar makarantar fasaha ta Massachusetts. Cikin 2003 ya kawo shawara a riƙa yanka gaɓoɓi da baki iri ɗaya, yadda kowace za ta shiga kowace kamar noti da ƙusarsa, a kuma tara su wuri ɗaya da bayaninsu. Cikin 2004 aka fara gasar ɗalibai mai suna iGEM da ƙungiyoyi 5, daga baya ta kai ɗaruruwa daga ƙasashe da yawa. Wannan ya sauƙaƙa ɗinki, amma bai kawar da matsalar maƙwabtaka ba.

Cikin 2009 Howard Salis, yana aiki tare da Christopher Voigt a San Faransisko, ya shirya wa kwamfuta lissafin da ke duba haruffan bakin gaɓa tare da na maƙwabtanta, ta faɗi yawan furotin da za a samu. Ana kuma iya gaya mata yawan da a ke so, ita ta rubuta haruffan. Suka gwada fiye da sau 100. Tsakanin mafi ƙaranci da mafi yawa akwai ninki 100,000, amma kuskuren lissafin galibi bai wuce ninki biyu da 'yar ɗoriya ba. Ga maƙeri wannan kuskure ne babba. Ga mai kiwon bakteriya kuwa kamar wanda ke tafiya cikin duhu ne aka miƙa masa fitila.

Cikin 2016 Voigt, wanda a lokacin ya koma Massachusetts, da Douglas Densmore na Jami'ar Bostan da almajiransu suka fito da wani tsari mai suna Cello. Da fari suka auna dogarai da dama ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta ƙarfin kowane. Suka sa wata 'yar katanga ta haruffa tsakanin gaɓoɓi domin kada maƙwabci ya dami maƙwabci. Sa'an nan mutum ya rubuta bukatarsa da irin harshen da injiniyoyin lantarki ke amfani da shi, misali: in akwai sinadari na ɗaya da na biyu, babu na uku, ƙwaya ta yi haske. Kwamfuta ta zaɓi dogaran da za su jitu, ta kauce wa waɗanda za su nauyaya wa ƙwaya, ta rubuta zaren duka. Suka shirya tsari 60, mafi girmansu na da dogarai 10. Guda 45 suka yi daidai abin da aka ce ta kowace fuska, ba tare da an sa hannu an gyara ba.

A wannan shekara kuma Johan Paulsson da mutanensa a Jami'ar Harvard suka koma kan agogon nan na 2000. Lissafi ya nuna musu inda hargitsi ke shigowa. Maimakon su ƙara kaya sai suka rage waɗansu abubuwa daga cikin tsarin. Agogon ya daidaita, har ƙwayoyi suka yi ta haske tare cikin ɗaruruwan haihuwa ba su saɓa ba.

Abin da ya saura

Kada mai karatu ya zaci an gama. Cikin 2012 Markus Covert da almajiransa a Jami'ar Stanford suka kwaikwayi rayuwar ƙwaya guda cikin kwamfuta, tun daga haihuwarta har ta rabu biyu. Sai da suka zaɓi wata bakteriya mai gaɓoɓi 525 kaɗai, suka tattara bayani daga takardun bincike fiye da 900, sa'an nan abin ya yiwu. Cikin 2016 kuma Craig Venter da mutanensa suka yi ta cire gaɓoɓin wata bakteriya har suka bar mata 473, waɗanda kusan duka in aka taɓa su ba ta rayuwa sosai. Cikin waɗannan, 149 ba wanda ya san aikinsu a lokacin. Wanda bai san aikin kusan sulusin kayan injinsa ba, bai isa ya ce ya mallaki injin ba tukuna.

Bayan wannan aka sami kwamfutocin da ke koyo daga tarin misalai. Cikin 2020 wani tsari mai suna AlphaFold, na kamfanin DeepMind a Landan, ya nuna yana iya faɗin siffar furotin daga haruffansa, aikin da a dā ya kan ci wa masani shekaru. Cikin 2024 aka ba Demis Hassabis da John Jumper kyautar Nobel saboda shi, tare da David Baker na Amurka wanda ke tsara sababbin furotin da kwamfuta. Duk da haka sanin siffar ma'aikaci ɗaya daban ne da sanin yadda dubban ma'aikata za su zauna tare. Tsarin da ya yi daidai cikin 'yar kwalba ya kan saɓa in aka kai shi babban tanki, ko cikin ƙasa, ko hanjin mutum. Jakin nan mai yar da kaya kuma har yanzu ana neman igiyar da za ta riƙe shi.

In aka duba tarihin nan daga 1676 zuwa yau za a ga kwamfuta ba ta taɓa sanin abin da ba a gaya mata ba. Duk inda lissafi ya yi daidai, to waɗansu mutane ne suka riga suka zauna suka auna gaɓa ɗaya ɗaya, suka rubuta abin da suka gani ba ƙari ba ragi, har da gwajin da ya ƙi. Cikin tsari 60 ɗin nan, 15 da suka saɓa su ma an rubuta labarinsu, domin na baya su san inda rami ya ke. Bakteriya dai ta karɓi linzami, amma ba ta gama horuwa ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.